Kaza Mai Shuɗin Ƙafa

Kyanwar tana ta zagaye a tsakar gida kamar mai bin jelarta, kanta a karkace. Ta bugi bokiti, ta tashi, ta sake bugun bango. Baban Auta yana tsugune a bakin rariya da buroshi a baki, ya bar goge haƙoran yana kallo.

"Baba, Gimbiya ta yi maye!" in ji Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tana tafa hannu tana ƙyalƙyala dariya.

Dariyar ba ta je ko'ina ba. Kyanwar ta faɗi ta gefe, kumfa ya cika mata baki, ƙafafunta suka miƙe suna karkarwa, sannan suka tsaya cak. Auta ta ruga ta ɗauke ta, ta manna ta a ƙirji tana hura mata iska a fuska.

"Ajiye ta!" Maman Auta ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Gubar ɓera ce, ba wani abu ba. Na sha gaya wa mutanen gidan can su daina zubawa a bakin katanga. Jiya fa lafiya ƙalau ta cinye hanjin kazar nan, har tana yi mini gurnani kamar ita ta sayo."

"To ke kika sayo?" ya ce, don ya ga ko Auta za ta yi murmushi.

"Ni na fige dai. Ni da wannan mai kukan."

Auta ba ta yi murmushin ba. Ya karɓi kyanwar daga hannunta da ƙyar, ya haƙa rami a bayan gida ya binne, ya ɗauki kekensa ya tafi aiki.

A gonar kajin ba wanda ke ce masa Baban Auta. Mai Wuƙa ake kiransa, kuma aikinsa a bayan abokin aikinsa Dogo yake. Kullum da safe Dogo zai bi ɗakunan kaji da gwangwanin fenti na fesawa. Duk wadda ya ga ta yi laushi, ta sunkuyar da kai, ko zankonta ya yi duhu, sai ya fesa mata shuɗi a ƙafa. Mai Wuƙa ya biyo baya ya tsince su ya yanka tun da sauran numfashi, kada su zama mushe. A gonar ana kiran wannan aiki "rigan mutuwa". Yawancinsu a kan araha suke tafiya kasuwa, ragowar kuma kowane ma'aikaci ya rataya ɗaya a keke. Ba don masu shuɗin ƙafa ba, da sai a yi wata tukunyar gidansa ba ta ga nama ba.

Kwanakin nan gwangwanin Dogo ba ya kai yamma.

* * *

Ya tarar da Mai Gona a bakin ƙofa, abin da ba a saba gani da sassafe ba.

"Ku kwashe duk masu shuɗi ku kai sito, bayan buhunan abinci," ya ce. "Muna da baƙi. Wanda bakinsa ke yi masa ƙaiƙayi ya je gida ya sosa, kuma ya yi zamansa can."

Hantsi ya ɗaga wata farar mota ta shigo. Likitar dabbobi ce da mutanenta, daga wata cibiyar bincike. Sun rufe hanci da baki, sun sa safar hannu, suna kama kaji suna zura musu tsinke mai auduga a maƙogwaro. Kajin da aka bar musu kuwa sai tsalle suke yi, ƙosassu, idanu tar. Da suka gama sai ta tara ma'aikata a inuwar tankin ruwa.

"Murar tsuntsaye muke bi," ta ce.

"Likita, kaza ma tana mura?" in ji Dogo. "To a ba su hankici mana."

Aka yi dariya, ita ma ta yi.

"Da a ce a jikin kaza take tsayawa, da da sauƙi. Binciken da ake yi yanzu ya nuna ƙwayar cutar tana tsallakawa. An same ta a shanu. An same ta a jikin mutanen da ke aiki da dabbobin. Ba cin dafaffen nama ne babban haɗarin ba, a wajen yanka ne da figa, jini da gashi da ƙurar da mutum ke shaƙa. Kyanwa kuwa in ta ci ɗanyen kayan ciki, sai ka ga tana zagaye kamar mai maye, kafin ka ankara ta mutu."

Mai Wuƙa ya ji kamar an kwara masa ruwan sanyi a gadon baya.

"Kai ne mai yanka?" Ta juyo gare shi. "Malam, ka ga wadda ta yi laushi kwanan nan? Ko ɗaya?"

Mai Gona yana jingine da mota yana kaɗa makullai a yatsa. Bai ko dube shi ba. Makullan kawai ke ƙara.

"A'a, Likita. Lafiya lau suke."

Ta ɗan tsaya tana kallon bakin wandonsa, inda fenti ya ɗiga. Ya matsar da ƙafar bayan ɗaya.

Da yamma Dogo ya miƙo masa rabonsa. Ya ce a bar shi, yau ba ya sha'awa. Dogo ya buɗe baki yana kallonsa, sannan ya rataya biyu a kekensa.

* * *

Zazzaɓin Auta ya fara ne kamar kowane zazzaɓi. Maman Auta ta ce kukan mutuwar kyanwa ne ya sa wa yarinyar ciwon kai. Mai kemis na bakin titi ya ce sauro ne, ya ba da ƙwayoyi. Baban Auta ya riƙe maganar mai kemis da hannu biyu. Sauro ne. Wane gida ne babu sauro? Yakan dawo daga aiki ya wanke hannu har gwiwa da sabulun wanki, ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki yana leƙenta.

"Wai me ya same ka?" in ji matarsa. "Ka daina kawo nama, ka koma wanke hannu kamar mai shirin yi wa mutum tiyata. Yarinya ba lafiya, ko ɗan romo ba za ta samu ba?"

"Kajin sun ƙare."

"A gonar kaji?"

Ya ci gaba da cuɗa hannunsa da sabulu.

Idanun Auta suka yi jajir. Tari ya zo. Ranar da ya dawo ya tarar da ita a zaune an jingina ta da filo, domin in ta kwanta numfashi ba ya shiga, haƙarƙarinta na lotsawa kamar ana matsa gwangwani, bai ko jingine keken ba. Ya sake shi ya faɗi, ya saɓa ta a kafaɗa.

A asibiti aka sa mata robar iska a hanci. Likitan yara, wani siririn mutum da gajiya ta cika wa ido, ya kira su gefe.

"Huhunta ya kamu sosai, kuma maganin da muke ba ta ba ya taɓa shi. Ku taimake ni. Akwai mai irin wannan tari a gida? Kuna kiwo? Ta taɓa wata dabba marar lafiya?"

"Ba ma kiwo," in ji Baban Auta. Gaskiya ce, kuma ya ji ɗacinta a harshe.

"Sai dai kyanwarta da ta ci guba," in ji Maman Auta.

Likitan ya ɗago. "Guba? Kun ga gubar?"

"Ba mu gani ba. Zagaye ta yi ta yi, ta faɗi."

"Me ta ci kafin nan?"

"Hanjin kaza. Na wurin aikinsu ne, irin waɗanda..." Ta juya ta dubi mijinta don ya ƙarasa mata, sai maganar ta maƙale. Shekara da shekaru tana kallon fuskar nan, ba ta taɓa ganin ta haka ba.

"Baban Auta," ta ce a hankali. "Me ka sani?"

Ya faɗa. A tsaye a barandar, mutane na wucewa da kwanukan abinci, ya faɗi komai: fentin, siton, farar motar, abin da likitar dabbobi ta ce game da kyanwa. Muryarsa kamar ta wani.

"Tun ranar da Gimbiya ta mutu?" in ji matar. "Tun ranar ka sani? Ina ce maka ka kawo mata romo, kana kallona?"

"Na ɗauka sauro ne."

"Ba ka ɗauka ba. So ka yi ya zama sauro."

Likitan bai tsaya jin sauran ba. Ya riga ya juya yana ƙwala wa nas kira, a canza ɗaki, a kawo wani magani, kowa ya rufe hanci. Da ya dawo ta gabansu sai ya ɗan tsaya.

"Akwai maganin da muke gwadawa," ya ce. "Amma a farkon ciwo ya fi aiki."

* * *

Su ma aka killace su, shi da matarsa, a wani ɗaki na ƙasa mai gado biyu da taga ɗaya wadda ba ta buɗuwa. Aka zura musu tsinke mai auduga a hanci, irin wanda ya ga ana zura wa kaji. Auta tana can sama, ba mai shiga wurinta sai masu fararen riguna har ƙasa.

Likitar dabbobi ta zo da kanta. Ta tsaya daga bakin ƙofa, idanunta kawai ake gani.

"Gwajin yarinyar ya fito. Murar tsuntsayen ce. Mun koma gonar."

"Kun duba siton? Bayan buhuna?"

"Malam, babu buhunan ma. An wanke ko'ina, an zuba farar ƙasa, sai warin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ko gashin kaza ɗaya ba mu samu ba. Mai gonar ya ce dama lokacin sayarwa ya yi."

"Dukansu?" Ya miƙe tsaye bai sani ba. "Ɗakuna shida ne fa! Wa ya yanka?"

"Ba a yanka ba. Da ransu aka loda su. Da suka ji an kwantar da 'yarka, motoci suka yi ta shiga suna fita. Muna bin kasuwanni, amma an riga an rarraba."

Ya koma ya zauna a bakin gado. Aikin da ya rufe baki dominsa, ashe ko sallama ba za a yi masa ba.

"Da na gaya miki a gindin tankin nan..."

"Na ga fentin a wandonka," ta ce. "Ni ma ban sake tambaya ba."

Washegari da hantsi likitan yara ya sauko. Tun daga yadda ya tsaya, hannuwansa a saki, Maman Auta ta zame daga kan gado ta zauna a ƙasa. Ba ta yi ihu ba. Salati kawai take maimaitawa, tana shafa tabon da ruwan zafi ya yi mata a yatsa ranar da suka fige kazar tare da Auta. Aka ce ba za a ba su gawar su ɗauka ba, ma'aikata ne za su shirya ta, su kuma sai gwajinsu ya fito. Baban Auta ya ji duk wannan kamar daga cikin rijiya. Ya tashi ya je taga, domin ba ya iya kallon matarsa.

Tagar tana kallon bayan asibitin ne, inda masu jinya ke girki. Murhuna a jere, tukwane, igiyar shanya. Dab da tagar wata mata mai tsohon ciki tana zaune a kan kujera 'yar tsugune, da roba a gabanta, tana figar kaza. Gashin na tashi yana manne mata a zane da gira. Wata da ke wanke kwano a gefenta ta ce wani abu, suka yi dariya. Mai cikin ta sa bayan hannu ta share gumi daga idonta, ta juya kazar don ta figi ɗaya gefen.

Ƙafar shuɗiya ce.

Ya bugi gilashin da tafin hannu. Ya sake bugawa da hannu biyu, yana ihu, yana nuna kazar, yana girgiza kai. Gilashin mai kauri ne, an liƙe gefensa. A bayansa Maman Auta ta yi tari sau ɗaya, busasshe.

Matar ta ɗago ta gan shi. Ta dubi inda yake nunawa, ta yi murmushi, irin wanda ake yi wa marar lafiyan da ya ga nama ya yi kwaɗayi. Sai ta kama kazar ta shuɗiyar ƙafar, ta ɗaga masa ita sama don ya ga ƙibarta, ta yi masa alama da hannu cewa ya yi haƙuri, in ta dahu za ta aiko masa.