Tsagar Dashbod ɗin Baba Maikano

"Yaya Nasiru, ta da motar nan! Baba ya faɗi!"

Ina kwance a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafuna a waje, sukundireba a baki, na ji muryar Ummulkhairi daga zaure. Na zabura har na gwara kai. Ta da mota? Wace motar? Fijon babanta a lokacin hanjinta duk a waje yake. Tsohon dashbod tun safe na cire shi na jingine a bango, sabon da na ɗauko daga Kano yana kan tabarma, wayoyi sun zubo kamar taliya.

Baba Maikano maƙwabcinmu ne a Ƙafin Maiyaki, katanga ɗaya ta raba mu. Tsohon direba ne, ni kuma gyaran wayar mota nake yi. Rana ta tsaga masa dashbod tun daga gaban direba har ɗaya gefen, kullum sai na tsokane shi.

"Baba, wannan tsagar ai kaza sai ta yi ƙwai a ciki."

"Ja'iri, nan nake soke aswakina. Taka motar tana ina?"

Bai yarda a canza ba sai da aka sa ranar auren Ummulkhairi. Ya ce ko ba shi ke ja ba, motarsa ce za ta kai amarya garin Yako, kuma dangin miji ba za su leƙo su ga tsaga ba.

Na same shi a ƙasa kusa da butar alwala, hannu dafe da ƙirji, gumi ya jiƙe masa riga. Mazan layin duk suna gona. Mustapha ɗan acaɓa ya zo a guje, amma Baba ko zama ba ya iya yi, balle a ɗora shi a babur. Muka kinkime shi zuwa kujerar baya, Ummulkhairi ta ɗora kansa a cinyarta.

Ni ba na sa wa waya alama idan na cire. Launi nake bi, da shi ma nake cika baki a gareji. To wannan mota babu mai gyaran da bai taɓa ta ba daga Tudun Wada har Doguwa, kuma kowa da jar waya ya yi faci. Na duba, duk ja ne.

Na haɗa biyu. Oda ta yi ƙara. Na haɗa wasu, waifa ta fara share busasshen gilashi.

"Yaya Nasiru, don Allah!"

"Yanzun nan, yanzun nan."

Na sake gwada wasu. Wata ta yi tartsatsi, warin roba ya tashi. Sai na ji murya daga baya, can ƙasa-ƙasa.

"Ja'iri... biki ka fara tun yanzu?"

"Gwaji nake yi, Baba, kar ranar ta ba mu kunya."

"Bar wannan. Wadda aka naɗe da ledar burodi... ita ce mai wuta. Haɗa ta da 'yar gajeruwar, a tura."

Na lalubo ta, na murɗe su tare. Mustapha da matan gidan suka sa kafaɗa. Na saki kuloci, motar ta yi tari, ta yi shiru. Suka sake turawa har bakin kwata, sannan ta kama.

Muka hau titi. Ba allon gudu, ba na mai, ban san ko litar da ke ciki za ta kai mu asibiti ba. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya ya matse wayoyin, suna ƙona min yatsa. Muka faɗa rami, suka rabu, inji ya mutu muna cikin tafiya. Na sake haɗawa, na saki kuloci, ta tashi. Wata tirela ta wuce mu tana zagi da oda.

"Nasiru."

"Na'am, Baba."

"Za ka gama sa shi... kafin ranar?"

"Har turare sai na fesa masa. Ku dai ku tanadar min cinyar kaza."

Na ji kamar ya yi dariya. Daga nan Ummulkhairi ta fara kalmar shahada a hankali, yana bin ta. Duk hanya cewa take in ƙara gudu. Da muka hango kwanar asibiti sai ta ce,

"Yaya Nasiru, rage gudu."

"Ga shi can, mun iso, ga ƙofar..."

"Rage gudu na ce."

Na gangara gefen titi, wajen wata gonar dawa. Na kasa waiwayawa. Na buɗe yatsuna, wayoyin suka rabu, injin ya tsaya.

Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa. An ɗaga biki har sai da aka yi arba'in, kuma motarsa ce ta kai amarya. Ni na ja, da sabon dashbod, ba tsaga ko ɗaya. Babu wanda ya leƙo ya duba.

Tsohon yana nan jingine a bangon zaurensu, ba wanda ya ɗauke. Aswakin na nan soke a cikin tsagar, bakinsa ya bushe.