Jan Biro a Kan Macachín

Shekarata ta farko a koyarwa aka tura ni wata makarantar karkara bayan Tacuarembó, mai ɗakin karatu guda tak, yara goma sha ɗaya. Daga Montevideo babban birni na zo, a bene hawa na shida na girma, ga takardar shaida sabuwa fil, ga kai ya kumbura. A ganina, abin da ba ya cikin littafi babu shi a duniya.

Da Oktoba ta shigo sanyi ya kau kamar yadda ya saba a ƙasarmu, ciyawar filin makaranta ta cika da 'yan ƙananan furanni. Na ce kowane yaro ya tsinko biyar, ya manna a littafinsa, ya rubuta sunayensu.

Nahiara, 'yar shekara tara, jikar Doña Zulma mai dafa mana abincin rana, sha biyu ta kawo ranar Litinin. Ga bibí shuɗi, ga margarita ja wur, ga estrellita mai warin tafarnuwa. A shafin ƙarshe ta manna wani fure ruwan hoda mai ganye uku-uku, ta rubuta macachín. Na duba littafina, na ga hoton ciyawa mai ganye uku, sunanta trébol. Ban ƙara dubawa ba, na zaro jan biro na soke.

"Malam, macachín ne fa," in ji ta. "Kakata ce ta faɗa min."

"Kakarki a wace jami'a ta yi karatu?" na ce. "A jami'ar tukunya?"

Aji ya fashe da dariya, ni kuwa har da gyara tsayuwa, wai na yi magana. Nahiara ta sunkuyar da kai tana murza shuɗin ƙyallen wuyanta. Yau shekara ashirin da uku ke nan, in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Ranar Juma'a bayan an ci abinci, Doña Zulma ta fito daga kicin da wuƙar yankan albasa a hannu.

"Malam Wilmar, zo ka ga wani abu. Kada ka tsorata, ba kai zan yanka ba."

Ta durƙusa a ciyawa da kyar, gwiwarta na ƙara. Ta tsinko ganye biyu, ta miƙo min na farko.

"Tauna."

Na tauna, ɗanɗanon ciyawa ne kawai.

"Wannan shi ne trébol ɗinka, abincin tumaki. To tauna wannan."

Tsami ya kama min muƙamuƙi kamar na lashi lemon tsami. Ta nuna min yadda kowane ganye ke da tsaga a goshi, ta ce da yamma yakan naɗe kansa. Sannan ta caka wuƙa, ta tono wata 'yar farar saiwa, ta goge a zanenta ta ba ni. Zaƙi gare ta, ga ruwa.

"Iya, ki yi haƙuri," na ce. "Zan gyara mata makinta."

"Maki? Ɗan nan, me zan yi da maki? Tun tana rarrafe nake yawo da yarinyar nan a ciyawa, uwarta na aikatau a birni, ni da ita ne kawai. Tun ranar Litinin ko kallon ƙasa ba ta yi. Jiya na nuna mata wani fure, ta ce, 'Kaka ki yi shiru, ke ba ki yi makaranta ba.'"

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ma ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Nan take na kira yaran duka fili. Na ce na yi kuskure, na ce Doña Zulma ta fi ni sani nesa ba kusa ba, na soke sokewata a gabansu na rubuta macachín da manyan baƙaƙe. Yara suka yi ta ihu, wai Malam ya ci ciyawa. Na yi dariya tare da su, har na fara jin sanyi a raina, ina cewa ai magana ta ƙare.

Doña Zulma ta sake tono wata saiwar, babba, ta goge ta tas, ta miƙa wa jikarta tana murmushi.

"Ungo, 'yar lelena, taki ce."

Nahiara ba ta karɓa ba. Ta bar hannun tsohuwar a miƙe, ta juyo ta dube ni.

"Malam," ta ce, "ana ci?"