Igiyar Ƙafar Akilai

Ranar da aka ɗaure wa Akilai ƙafa don bikin fara tafiya, ranar ce ubanta Taalai ya karya wa nasa mahaifin muƙamuƙi. Asabar ce da hantsi, a tsakar gidan iyayen tsohuwar matarsa a garin At-Bashi, gaban mutum arba'in da tukunyar naman tunkiya.

Wata takwas ke nan da rabuwarsa da Nurjamal. Bai taɓa dukanta ba, kuma yana yawan faɗin haka, kamar mai jiran lambar yabo. Ƙofa yake duka, da bango, da madubin motar hayar da yake tuƙawa. Ita kuwa ta tashi a gidan da ake dukan uwa, ko cokali ya faɗi da ƙarfi sai ta daskare. Shekara uku suka yi, shi yana ihu, ita tana ɓuya.

A ofishin kula da iyali wata mata mai tabarau ta zaunar da su sau goma sha biyu. Ta zana musu ƙwaƙwalwar jariri a takarda, ta ce yaro yana adana tsoro tun kafin bakinsa ya buɗe. Ta koya wa Taalai ƙirga numfashi har goma. Aka rubuta yarjejeniya: Asabar da Lahadi yarinya tana wurinsa, amma in ya sake fasa wani abu a gabanta, kwanakin nan sun tafi. Ya sa hannu. Wata takwas bai fasa ko kofi ba.

A ofishin suka yanke maganar bikin. Za a ɗaure ƙafafun yarinya da igiyar ulu mai baƙi da fari, wani ya yanke da wuƙa, kuma kowa ya san yaro halin mai yankewar yake ɗauka.

"Ba ni ba," in ji Taalai. "Ba kowa daga gidanmu ba."

"Namu gidan ma ai ba na waliyyai ba ne," in ji Nurjamal.

Suka yi dariya, ta farko tun rabuwarsu. Suka zaɓi Burul-eje, tsohuwar malamarsu ta firamare, wadda ta shekara talatin da yara ba a taɓa jin tsawarta ba.

Ba a gayyaci Sadirbek, mahaifin Taalai, ba. Ya zo ne a kan doki, bulala a soke cikin takalminsa.

"Jikata ake wa biki, sai a kasuwar dabbobi zan ji?" Ya dubi Nurjamal. "Suruka, ko kin saki ɗana, ai ba ki saki zuba shayi ba."

Dattijo ba a korarsa daga kan tabarmar abinci. Aka ba shi mazaunin girma, ya sha shayi, ya ci nama, ya goge maiƙo a gemu. Da aka tsayar da Akilai a kan farar shimfiɗa, sai ya miƙe ya fizge igiyar daga hannun uwar Nurjamal.

"Kawo. Mata ba ku iya ɗauri ba."

Taalai ya kalli yatsun nan suna naɗa igiya, ya gane irin ɗaurin. Akilai ta tsala kuka, ta ja ƙafa. Tsohon ya daka mata duka a cinya.

"Tsaya, ke! Ubanki ma haka yake da rawar kai, sai da na gyara shi."

Ɗaya, in ji Taalai a ransa. Biyu.

Burul-eje ta matso. Sadirbek ya tare ta da gwiwar hannu, ya zaro tasa wuƙar.

"Jinina ce. Ni zan yanke."

"Ata," in ji Taalai ga mahaifinsa, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ka bar wa Burul-eje."

"Ku ji direba! An ce wata mai tabarau ce ke koya maka numfashi yanzu? Ni da bulala na koya maka, ban ja ka ofis ba."

Maza biyu suka yi dariya. Taalai ya kai huɗu.

Ya damƙe wuyan hannun tsohon ya murɗe, wuƙar ta faɗi. Sadirbek ya zaro bulala da ɗayan hannun ya shauɗa masa a fuska, daga kunne zuwa leɓe, fatar ta tsage. Shekara saba'in ba ta rage masa saiti ba. Taalai ya kai masa naushi, aka ji ƙara kamar an taka busasshen ice. Suka faɗa kan abinci, tukunyar shayi ta kife, mata suka watse da ihu. Ya danne ƙirjin ubansa da gwiwa yana duka, yana duka, har haƙora biyu suka gangaro cikin kwanon zuma. Sai da maza huɗu suka taru kafin su ɓamɓare shi.

Nurjamal tana tsugune jikin bango, hannuwa a kan kunnuwa, idanu a buɗe ba ta ganin kowa. Akilai ta nufe ta da ƙafafu a ɗaure, ta kife da fuska. Leɓenta ya fashe. Tana ta harbin ƙafa, kukan ya koma shaƙewa, kowa kuma yana kan tsohon.

Taalai ya ƙwace, ya ɗauki wuƙar daga ƙasa, ya durƙusa ya yanke igiyar.

Kowa ya juyo ya dube shi.

"Wayyo ɗana," in ji Burul-eje. "Me ka yi?"

Ya dubi hannunsa. Jini ya jiƙa farin ulun. Daga inda aka jingina shi, Sadirbek yana wani gurnani ta karyayyen baki, sai da aka saurara aka gane dariya yake yi.

Nurjamal ta tashi a hankali, ta ɗauki 'yarta ta rufe mata fuska da ɗankwali.

"Kada ka zo gobe. Kada ka zo Asabar."

"Nurjamal, tsaya ki ji..."

"Kai ka sa hannu a takardar, ba ni na kama maka yatsa ba."

Yayyenta suka tura shi waje, suka sa sakata. Ranar Litinin ta tafi birnin Bishkek da yarinyar, ta canja lambar waya.

Mutanen gari sun ɗauka haƙuri ya so ya ba ta. Ba shi ba ne. So ya yi ya ce mata ɗaurin nan na dabaibayin doki ne, mai ƙara matsewa in ana harbi, irin wanda ubansa yake yi masa yana yaro. So ya yi ya ce ta cire wa yarinyar safa ta duba bayan idon sawu, don a nan yake ci, kuma ba ya nunawa sai washegari. Ta shafa mata kitsen wutsiyar tunkiya, kada ta sa mata takalmi kwana uku.