Babbar Kwalba a Shagon Fumie

Tun da Iwao ya bar garin, Tokuji bai ƙara shan giya a tambulan ba. Sai dai ya sayi ta gwangwani, ya raɓe a lungun shagon Fumie ya kafa kai. Ba don ta fi daɗi ba, ƙarnin ƙarfe ma take yi masa. Abin dai shi ne, a al'adarsu mutum ba ya zuba wa kansa giya a gaban jama'a. Kai ka zuba wa na kusa da kai, shi kuma ya karɓi kwalbar ya cika maka. Wanda aka gani yana tsiyaya wa kansa ya gaya wa duniya ke nan ba shi da kowa, Tokuji kuwa gara ƙishi ya kashe shi da ya faɗi haka da hannunsa.

Shi da Iwao tare suka tsufa a wurin gyaran jiragen ruwa na garinsu, Onomichi. Duk yammacin Asabar suna tsaye a teburin katakon da ke bayan shagon, babbar kwalbar giyar kowa da kowa a tsakaninsu, ga ƙananan tambulan biyu da busasshen kifi. Ba wata hirar a zo a gani suke yi ba, zagin juna ne da kukan ciwon gwiwa. Sai wani lokacin sanyi Iwao ya yanke jiki ya faɗi, 'yarsa Natsuko ta kwashe shi zuwa birnin Osaka. Aka ce ya warke. Tokuji bai je dubiya ba. Yana ta cewa sai mako mai zuwa, har kunya ta zo ta tare hanyar gaba ɗaya.

Yau ga Iwao zai dawo na yini ɗaya, a kwashe kayan gidansa a rufe. Tun da hantsi Tokuji ya sa Fumie ta ajiye masa babbar kwalba a can ƙasan firij. Abu ɗaya yake so, ya miƙa tambulan Iwao ya cika masa. In aka yi haka, maganar dubiya ta wuce, ba sai kowa ya buɗe baki ba.

Natsuko ce ta rako shi har ƙofa, ta ajiye wata leda a kan tebur.

"Baba, in masu ɗaukar kaya sun gama zan dawo. Kaɗan fa likita ya ce."

Iwao ya rame, yana cikin wata doguwar kwat, hannunsa na dama a aljihu. Tokuji ya ce a ransa, lallai an zama ɗan birni.

"Au, ashe kana raye," in ji Tokuji.

"In mutu in bar ka kana kore wa Fumie masu ciniki? Dubi kanka, gashin ma ya gaji da kai ya gudu."

Fumie ta yi dariya, ta zazzage ledar. Ƙananan kwalabe ne, kowacce da hoto a jikinta. Iwao ya ce ta buɗe su, ya shiga bayani kamar shi ya dafa. Wannan wasu samari ne suke haɗa ta a wani ɗan ɗaki a Osaka, ba ta kamfani ba ce. Waccan baƙar kuwa daga ƙasar Beljiyam ta tsallako teku.

"Irin waɗannan kowa da kwalbarsa, Toku. Ba a zuba wa juna. Kafa kai kawai ake yi, haka zamani ya zo."

Ya ɗaga tasa da hagu ya kurɓa. Tokuji ya ji abin har ƙirjinsa, amma ya ɗanɗana ta samarin.

"Wannan giya ce ko sabulun wanka? Ƙamshin lemo kawai nake ji."

"Harshenka ne ya mutu. Gwada ta Turawan."

"Maganin tari ne aka zuba wa sukari."

Tsakani da Allah ta Turawan ba ta da laifi, amma ina zai iya yabonta? Shi dai abin da ya gani, mutumin nan ya ɗauko kwalabe tun daga Osaka don kada ya zuba masa. Hukuncin rashin dubiya ke nan, an naɗe shi a leda.

"Fumie, kawo mana ta mutane."

Ta kawo babbar kwalbar tana naso, da tambulan biyu. Tokuji ya cika na Iwao, ya dire kwalbar a gabansa, ya miƙa nasa. Iwao ya kau da kai, ya ci gaba da labarin samarin Osaka da tukwanensu. Hannun Tokuji na nan a miƙe har kafaɗarsa ta soma sagewa.

"Osaka ta koya maka sanin giya, ta kwashe maka ladabi," ya ce. "Ko zinariya ce a aljihun, da ba za a ga hannun ba?"

Magana zarar bunu. Fumie ta sunkuyar da kai. Iwao ya sa hagu ya jawo hannun daman daga aljihu ya ɗora a tebur. Ya ƙanjame, yatsun sun dunƙule sun ƙi buɗuwa. Wannan ce warkewar da aka ce ya yi.

Tokuji ya rasa inda zai sa idonsa. Kafin ya janye tambulan, Iwao ya riga ya cafki wuyan kwalbar da hagu, ya tallafe gindinta da dunƙulallen hannun. Hagun ma rawa yake, ga kwalba da nauyi da santsi. Bakinta ya dinga bugun tambulan, giya ta malale a tebur, ta jiƙa wa Tokuji hannun riga. Fumie ta taso da tsumma, Tokuji ya harare ta ta koma. Bai kama masa kwalbar ba. Tambulan ɗin kawai ya yi ƙasa da shi, yana bin bakin kwalbar duk inda ya karkata, har aka samu rabi.

Ya kurɓa. "Wannan ta fi su duka."

"Maƙaryaci. Duk kumfa ce."

"Da ma can yaushe ka iya zubawa?"

Iwao ya yi wata 'yar dariya, ya goge ido da kafaɗa. "Ba ka zo ba, Toku."

"Ban zo ba."

"Gara da ba ka zo ba. Da ka tarar ana ba ni abinci a baki, kai kuwa bakinka ba ya shiru."

Ba su jima ba Natsuko ta dawo. Iwao ya mayar da hannun aljihu. Ba wanda ya ce sai wani jiƙon, don gidan an rufe shi, kuma duka biyun sun wuce shekarun yi wa juna ƙarya irin wannan. Tokuji ya tsaya a ƙofa har motarsu ta sha kwana.

Da ya koma teburin, kwalbar ko rabi ba a sha ba, tambulan ɗin Iwao na nan cike. A nasa kuwa saura ɗan kaɗan a gindi, kumfar ta kwanta, sanyin ya fita. Kaɗaici ya danne shi fiye da na duk Asabar ɗin da suka wuce.

Fumie ta ɗauki kwalbar. "Kawo in ƙara maka, Toku, wannan ta huce."

Ya sa tafin hannu ya rufe bakin tambulan ɗin.

"Bari tukuna," ya ce. "Ban gama da wadda ya zuba min ba."