Jar Akuyar Dija a Filin Nunin Bukkuyum

Shekara uku Dija ta yi tana kiwon jar akuyarta a Gwashi. Ita ke yanko mata harawa, ita ke jiƙa mata dusa da kanwa, ita ta raba ta da ciwon ƙafa a daminar da awakin unguwa suka yi ta mutuwa. Da aka yi shelar nunin amfanin gona da dabbobi a Bukkuyum bayan kakar 2014, mijinta na kwance da zazzaɓi, sai ƙaninsa Malami ya ce zai raka ta. Shi ya shiga rumfar rajista da igiya a hannu, ita ta tsaya cikin mata.

Filin ya cika tun hantsi. 'Yan dambe na zagaya da kalangu, 'yan tauri na goga wuƙa a cikkunansu, an jera dammunan gero da manyan kabewa gaban rumfar baƙi. Dija ba ta kalli ko ɗaya ba. Idonta na kan malamin dabbobin da ke alƙalanci, wani dogo mai suna Sahabi. Ya buɗe bakin akuyar ya duba haƙora, ya shafa hantsa, ya ja fatar wuya ya saki. Ya daɗe a kanta fiye da sauran.

Bayan azahar lasifika ta ce, "Na ɗaya a awaki, Malami na Gwashi."

Dija ta zaci kunnenta ne. Sai ga makaɗa sun yi kansa, suna kiransa sarkin kiwo, mai hannun albarka. Malami, wanda bai taɓa ba akuyar nan ko ruwa ba, ya gyara hula, ya karɓi injin feshi da takardar yabo daga shugaban taro, aka ɗauke su hoto.

Ba ta san lokacin da ta tsallake igiyar fili ba.

"Malami, sunan wa ka ba su?"

"Haba matar Yaya, ai duk gida guda na," ya ce yana dariya. "Mace ta shiga rumfar maza?"

"Rumfar maza ta yi mata harawa?"

Makaɗa suka sassauta. Sahabi ya matso, ya tambayi abin da ke faruwa. Dija ta ce akuyar tata ce. Ya dubi Malami.

"Sau nawa ta haihu?"

"Biyu," in ji Malami.

"Huɗu," Dija ta ce. "Na ƙarshe 'yan uku. Duba ƙafar baya ta hagu, akwai tabon ciwo tsakanin kofato."

Sahabi ya durƙusa ya ɗaga ƙafar. Ya miƙe, ya zare injin daga kafaɗar Malami ya aje gaban Dija. Sannan ya rage murya: shugaban taro ya riga ya shiga mota, an sa hannu a takarda, ɗan jarida ma ya kwafi sunayen. Abin da zai iya kawai shi ne ya soke sunan da biro ya rubuta nata a sama.

"Lasifikar ta lalace ne?" ta tambaya.

Ya waiga. Mai lasifika ya koma sanar da dambe, jama'a duk sun juya can.

Ta bar shi ya rubuta. Ta ƙi hawa babur ɗin Malami, ta shiga motar kasuwa da akuyarta da injinta. Kwana biyu bayan haka rediyo ya karanta waɗanda suka yi nasara, da sunan Malami a ciki. Mijinta ya ce ta yi haƙuri, 'yan'uwantaka ta fi takarda. Ta ce ta ji. Amma da Malami ya aiko a ara masa injin ya fesa wakensa na fadama, ta ce a gaya masa ya zo da bakinsa, da rana, lokacin da ƙofar gida ke cike da mutane.