Ƙirgar Masu Ta'aziyya

"Mutum nawa zan sa?" in ji edita a waya. "Mun kusa rufe shafi."

Dubu-dubu yana tsaye a barandar benensa, yana kallon layin da ya cika maƙil da masu ta'aziyyar maƙwabcinsa. "Ɗan ba ni lokaci," ya ce, ya kashe wayar.

Kun san inda ya samo sunan nan? Duk taron da jarida ta aike shi, ko na mutum arba'in ne, sai ya rubuta "dubban jama'a". Maƙwabcin nasa kuwa, wanda suke aiki tare, katanga ɗaya ta raba gidajensu, shi ake kira Malam Daidai. In ya rubuta ɗari uku, ba mai musu. Abin nan ya daɗe yana cin Dubu-dubu a rai.

Shekaranjiya ya leƙa ya duba shi. Ya same shi kwance ya rame, kwalaben magani jere a bakin taga, fanka na ta ƙiƙi-ƙiƙi.

"Abokina," in ji mara lafiya, "in na tafi kar ka yi min dubbanka. Ƙirga daga turken lantarki zuwa na gaba, sai ka ninka."

"Kai ko kana kwance sai ka koya wa mutum aiki!"

Malam Daidai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

To ga shi yanzu yana ƙirgar da ɗan yatsa, yana fatan su yi kaɗan. Tsakanin turke da turke, mutum ɗari biyu da sittin. Tazara takwas ce a layin. Dubu biyu da tamanin. Ya ja tsaki. Ya cire masu tallar ruwa da 'yan kallo, hamsin kacal.

"Baban yara, fuskar nan fa?" in ji matarsa, tana kwashe shanya.

"Ɗari biyar zan ce. Wa zai ƙirga?"

"Mai ƙirgawar dai ya tafi. Kai ka sani."

Waya ta sake ƙara. Ya ɗauka.

"Kimanin dubu biyu da talatin," ya ce, kamar ana zare masa haƙori.

Edita ya fashe da dariya. "Haba Dubu-dubu, har a mutuwar ma? Zan sa 'ɗaruruwa', kar a yi mana dariya."

Ai ga abin da yake so ya zo masa har gida. Shiru kawai zai yi. Amma sai ya gyara riƙon wayar.

"Na ƙirga, ranka ya daɗe. Turke-turke na bi. In ka rage, cire sunana daga labarin."

"Ikon Allah," in ji edita. "To, na sa."

Ya gyara hula ya sauko. Da ya buɗe ƙofarsa sai ya tsaya. Takalman masu ta'aziyya sun cika ƙofar Malam Daidai, sun malalo har kan dakalin Dubu-dubu. Ya sunkuya ya jera wasu guda biyu da suka kife, ya tuɓe nasa ya ajiye a gefensu.