Wayar Baba a Ƙarƙashin Ƙanƙara

Kwana uku dusar ƙanƙara na zuba. Da ta ɗauke, mahaifin Chizuru ya saɓa shebur ya tafi share rufin tsohon shagonsu da ke bayan ganuwar fada, shi kaɗai. Har rana tsaka bai dawo ba.

Chizuru ta bi bayansa. Lungunan da magabata suka murɗa don ɓatar da mahara duk sun zama fari ɗaya, ƙanƙara har gwiwa, wata kuma ta leƙo daga bakin kowane rufi.

"Ke 'yar jami'a, bi tsakiyar hanya!" in ji Iya Tome mai tofu, wato awara, daga tagarta. "Can ba a koya muku kallon sama ne?"

"Na sani, Iya. Kin ga Baba?"

"Tun safe ya wuce. Na ce ya ɗaura igiya, ya ce shi ba akuya ba ne."

Ta tarar da tsani a jingine, rufin fes, abin da ke kansa ya zubo ya yi tudu. Ta ƙwala kira, shiru. Ta buga wayarsa. Can ƙarƙashin tudun ƙara ta taso a shaƙe.

Ta durƙusa tana tono da hannu tana ihu. Maƙwabta suka iso, ta hana kowa soka shebur a wurin. Yatsunta suka sandare, ba ta tsaya ba, har ta taɓo safar hannu. Ta matse ta. Yatsun da ke ciki suka riƙe nata.